Sunan Da Ya Bi Hayaƙi

Tun kafin ka hango babur ɗin za ka ji kwalaben. Kacau-kacau, kacau-kacau, a cikin wani akwatin katako da ya ɗaure a baya da tsohuwar roba. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba masa Malam Kwalba, sunan kuma ya bi shi har ya danne na yanka. Masu gadi haka suke kiransa, masu shara ma haka, har shugaban jami'a ya taɓa yin suɓutar baki ya kira shi da shi a gaban baƙi. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ba mutum ne mai ɗaukar abu da zafi ba.

Shekara ashirin da shida ya yi yana koyar da ilimin sinadarai a wannan jami'a ta Kirista. Duk ajin da wani ya ƙi, shi ake jibga wa, ya karɓa ya ce Ubangiji zai ba da ƙarfi. Amma ainihin abin da ya riƙe zuciyarsa rijiyoyi ne. Akwai wasu unguwanni a bayan gari da yaransu ke tashi da haƙora kamar an shafa musu tsatsa, wasu har ƙafafunsu su lanƙwashe, shi kuwa ya rantse sai ya gano abin da ke cikin ruwan da suke sha. Duk Asabar ɗin farko ta wata zai hau babur ya zaga rijiyoyi arba'in da ɗaya, ya ɗebo ruwa, ya kai ɗakin gwaji ya auna, ya rubuta. Shekara goma sha biyu cur bai tsallake wata ɗaya ba, har da watan da aka yi masa aikin ido.

Kwalaben kuwa matarsa ke wanke su. Kowace Juma'a ta jajiberin wannan Asabar, da la'asar za ta ɗora ruwan zafi a babbar tukunya, ta zauna a bayan gida tana ɗauraya tana mita.

"Wasu mazan turare suke kawo wa matansu a kwalba, ni nawa ruwan rijiya," in ji ta.

"Ki yi haƙuri, Maman Auta. Ranar da aikin nan ya fita, sunanki zan sa a shafin godiya."

"Ka fara sa naka tukuna, Baban Auta."

Haka take kiransa, ko ta ce Malam. Irin matan nan ce da ba sa kama sunan miji. Shekara talatin da ɗaya da aurensu, ko a asibiti aka tambaye ta sunan maigida sai dai ta miƙa kati.

To, a duk shekarun nan Malam Kwalba bai taɓa buga ko layi ɗaya a mujallar bincike ba. Waɗanda ya koyar sun zama daktoci, wasu farfesoshi, shi yana nan inda yake. In an yi masa magana sai ya ce ba a tsinkar abu ɗanye. Ana nan sai ga sabuwar doka ta sauko daga sama: duk malamin da ba shi da bincike ko guda ɗaya da aka buga da sunansa a mujallar da aka sani, in shekarar karatu ta ƙare ba za a sabunta masa aiki ba. Mutane suka shiga firgici, shi ko a jikinsa. Aikinsa ya nuna. Ya zauna wata biyu ya tace shi, ya aika wa wata babbar mujalla, ya dawo gida yana waƙar yabo.

Amsar ta zo ranar wata Talata da hantsi, tsakanin aji da aji, hannunsa duk alli. Ya karanta ta a tsaye. Editan ya ce sun saka rubutun a na'urar da ke gano satar rubutu, ta nuna kashi tamanin cikin ɗari daidai yake da wani bincike da wani dakta na wata jami'a a wata ƙasa ya buga shekara uku da suka wuce. Ya ce mujallarsu ba ta karɓar kayan sata, kuma sun sanar da jami'arsa.

Sata! Shi da ko biro ya tsinta a aji sai ya kai ofishin masu gadi.

Ya jawo kujera ya zauna. Da ƙyar ya lallaɓa ya nemo binciken daktan ya buɗe. Tirƙashi. Ga rijiyoyinsa arba'in da ɗaya a jere. An cire sunayen unguwanni an sa haruffa, amma lambobin nasa ne, jimlolin ma nasa ne. Ya gangara rijiya ta goma sha bakwai, sai ga giɓin wata uku da babu awo. Ya san dalilin giɓin nan sarai. Akuya ce ta faɗa ciki, mai gidan ya rufe ta har aka yashe. Daktan can bai taɓa ganin akuyar ba, bai san warinta ba, amma ga giɓinta a ƙarƙashin sunansa. Malam Kwalba ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji, har malamin ofishin kusa ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Ranar bai iya cin abincin rana ba. Ya zauna a falo yana juya maganar, ta ina? Bai taɓa ba kowa ba. Bai taɓa aika wa kowa ba. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofar kicin tana kallonsa, can sai ta dafe ƙirji.

"Baban Auta, kwandon fa?"

Ya ɗago. Nan take ya gane abin da take nufi.

Dole a nan in tsaya in faɗi maganar kwandon, don ita ce gindin komai. A ƙarshen kowace shekarar karatu jami'ar kan yi sujadar godiya, wato taron ibada a majami'arta, a karanta sunayen malaman da suka yi wani abin a zo a gani. Shekara goma sha shida da suka wuce abin ya zama fitina. Wasu farfesoshi biyu suka yi shekara guda ba sa gaisawa, don an karanta sunan ɗaya kafin na ɗaya. A cikin ɗakin sujada fa! Aka kira taron malamai ana ta tayar da jijiyar wuya, sai wani matashin malami mai zafin ibada ya miƙe ya kawo shawara. Ya ce kowa ya kawo nunan farin aikinsa, wato kashin farko na abin da ya gano, ya saka a kwando a gaban bagade ba tare da suna ba. Sunan a rubuta a 'yar takarda, a saka a ambulan, a ƙone a wani kaskon ƙarfe a bakin ƙofa, don abin da aka ba Allah ba a manna masa suna. Tsohon Fasto na lokacin, mutum mai hangen nesa, ya ce to amma a ajiye wani littafi a ɓoye ana rubuta wanda ya kawo me. Matashin ya ce a'a. Ya ce in akwai littafi, wata rana wani zai buɗe, girman kai ya dawo ta taga. Ya yi magana har wasu suka share hawaye, aka amince. Wannan matashi Malam Kwalba ne, kuma tun daga lokacin shi ake ba ashana ya kunna wutar kowace shekara.

Abin da aka tara a kwandon akan buga shi a wani ɗan littafi, kwafi ɗari, a raba a ɗakin sujada, yawanci ya ƙare a hannun masu fifita da shi. Shekara huɗu da suka wuce, da Malam ya ga sakamakonsa ya fara fitowa fili, daɗi ya kama shi, ya ɗauki shafi ashirin, zuciyar aikin gaba ɗaya, ya saka a kwando. Ya rubuta sunansa, ya liƙe ambulan, ya kunna masa wuta da hannunsa. Abin da bai sani ba, daga baya ofishin yaɗa labarai na jami'a ya kwashi duk tsofaffin littattafan nan ya zuba su a intanet, wai don duniya ta ga su ma suna bincike. Duniya kuwa ta gani.

Washegari ya je wurin shugabar tsangayarsu, wadda kowa ke kira Farfesa. Ɗalibarsa ce a da. Shi ya koya mata yadda ake riƙe bututun awo ba tare da hannu na rawa ba. Da ya shigo ta miƙe tsaye, ta jawo masa kujera da kanta.

"Malam, kada ka ce komai. Na san aikinka ne. Ni kaina na taɓa bin ka rijiyoyin nan, har takalmina ya maƙale a laka."

"To ki rubuta musu."

"Na rubuta tun jiya."

Nan ya ɗan samu numfashi. Suka tattara littattafan awonsa guda goma sha tara, aka ɗauki hoton shafukan, aka haɗa da ɗan littafin ɗakin sujada mai kwanan wata, aka aika. Malam ya ce ai ramin ƙarya ƙurarre ne, ya koma aji ya ci gaba da koyarwa.

Mako shida kafin amsa ta zo. Farfesa ta kira shi ofis, ta rufe ƙofa, ta kasa haɗa ido da shi. Editan ya tuntuɓi daktan. Daktan bai musa cewa ɗan littafin ya riga nasa fitowa ba. Cewa ya yi ai shi ya rubuta na cikin ɗan littafin ma. Wai shi ma mai bi ne, ya ji labarin kyakkyawar al'adar jami'ar, ya aiko da nasa baikon ta hannun wani ɗan'uwa aka saka a kwando, ba suna, kamar yadda ake yi.

"Ƙarya yake!" Malam ya buga tebur, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. "Ya san launin ƙofar ɗakin sujadarmu? Ya san akuyar?"

"Ƙarya yake, Malam. Amma abin da ba suna a kai, kowa na iya cewa nasa ne."

"Littattafaina fa?"

"Sun ce rubutun hannu ne, kowa na iya zama ya kwafa ya sa kwanan watan da ya so. Sun ce shaidata ta nuna ka ɗebi ruwa, ba ta nuna kai ka rubuta shafukan ba. Sun nemi kwamfutar da ka fara rubutun a ciki."

Kwamfutar ta mutu shekara uku da suka wuce, mai gyara ya ce ba ta tashi, 'yarsu Auta ta kwashe ta da sauran tarkace ta ba masu sayen ƙarfe.

"Abu ɗaya ya rage," in ji Farfesa. "Sun ce in ɗakin sujada ya ba da takarda cewa a rubuce yake a wurinsu kai ka saka shafukan nan a kwando, za su karɓa, su buga naka, su bi ta kan wancan. In ba haka ba sun rufe maganar. Kuma Malam, saura mako biyar shekara ta ƙare. Na roƙi majalisar jami'a ta ɗaga maka ƙafa, sun ce dokar ba tasu ba ce. Sun wanke ka daga zargin sata, wannan kam sun yi. Amma ba su da layin da za su rubuta a gaban sunanka."

Ya fito ya bi ta ƙarƙashin bishiyoyi zuwa ɗakin sujada, ɗalibai na gaishe shi yana ɗaga hannu bai san wa yake amsa wa ba. Tsohon Fasto ya rasu shekara biyu da suka wuce. Wanda ke nan yanzu matashi ne, sa'an ɗan Malam na fari, mai tsabtar zuciya har ta yi yawa. Ya saurari labarin daga farko har ƙarshe, idanunsa suka yi ja.

"Baba, na yarda da kai ɗari bisa ɗari."

"To ka ba ni takardar."

"Zan rubuta cewa na san ka, na san gaskiyarka, na san al'adar."

"Ba ita suke so ba. So suke ka ce a rubuce yake a wurinku."

Fasto ya sunkuyar da kai. "Ba a rubuce yake ba, Baba."

"Layi ɗaya ne, Fasto." Muryarsa ta yi ƙasa, har shi kansa bai gane ta ba. "Ba ƙarya za ka yi a kan wanda ya rubuta ba. Ni na rubuta. Allah ya sani ni na rubuta. Littafin kawai za ka ce akwai."

"Kuma babu shi."

"Wa zai zo ya duba?"

Da maganar ta fita daga bakinsa sai kunya ta rufe shi. Shi ne yau, da furfurarsa, a ofishin ɗakin sujada, yake roƙon yaron da bai wuce sa'an ɗansa ba ya yi masa shaidar zur. Fasto bai tsawata masa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Tashi ya yi ya buɗe kabad, ya ce bari su duba ko tsohon ya ajiye wani abu a ɓoye. Suka kwashe awa biyu suna zazzage fayiloli, ƙura na sa su atishawa. Takardun baftisma, jerin mawaƙa, tsofaffin wa'azozi. A can ƙasa suka samu bayanin taron nan na shekara goma sha shida da suka wuce. Fasto ya karanta a hankali: an amince ba za a ajiye wani littafi ko wata shaida ta masu kawo nunan fari ba, har abada. A ƙasa an rubuta wanda ya kawo shawarar, ga sunan Malam cikakke, ga sa hannunsa, da wata doguwar jela da yake yi wa sa hannu a lokacin ƙuruciya.

A duk ɗakin sujadar nan, wurin da sunansa yake ke nan.

"Mu yi addu'a, Baba," in ji Fasto.

Suka durƙusa. Fasto ya yi addu'a mai tsawo, mai kyau. Malam ya buɗe baki zai ce amin, bakin ya ƙi. Ba fushi yake da Allah ba, ya ma rasa da wa zai yi fushin. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ya gwada abin da ya rage. Ya aika wa wasu mujallu biyu, na'urarsu ta kama shi a rana ɗaya. Wani abokin aiki ya ja shi gefe ya ba shi shawara ya sake rubuta aikin da wasu kalmomi, ya ambaci daktan a matsayin wanda ya fara ganowa, shi kuma ya zo a mai tabbatarwa, wataƙila wata ƙaramar mujalla ta karɓa kafin lokaci ya ƙure. Malam ya zauna da safe ya fara. Ya rubuta, kamar yadda dakta wane ya nuna, sai ya tsaya yana kallon layin. Ya goge. Ya sake rubutawa, ya sake gogewa. Ya kashe kwamfutar ya tafi aji.

Takardar sallama ta zo saura mako guda. An yi ta da ladabi, an gode masa da hidimar shekara ashirin da shida, an ba su wata uku su bar gidan ma'aikata. Matarsa ta karanta ta sau biyu, ta ninke ta ajiye a kan tebur.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," ta ce. "Yanzu shi wancan yana can ana ce masa dakta da ruwan da na wanke wa kwalba?"

"An ce ma sun ƙara masa girma."

"Kai kuma ka yi shiru."

"Me zan ce, Maman Auta? Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Da ina da wani aikin sai in fito da shi. Shekarata hamsin da tara. Wasu shekaru goma sha biyun zan sake?"

"Sau nawa na ce maka ka sa sunanka? Sau nawa?"

"Kin faɗa."

Da ya yi gardama da ta samu abin kamawa. Da ya amsa haka sai ta juya ta shiga ɗaki, ya ji tana kuka a hankali don kada ya ji. Shi ma ya ji baƙin ciki irin wanda bai taɓa sani ba, ba na aikin da ya rasa kaɗai ba. Abin da ke cin sa shi ne in ya mutu gobe, babu wata takarda a duniya da za ta ce wannan mutum ya taɓa gano wani abu.

Sujadar godiya ta faɗo ranar Juma'a da safe. Ya ce ba zai je ba, ita ta ce sai sun je, ba su yi sata ba balle su ɓuya. Ta goge masa rigar malamai, ta ɗaura ɗankwalinta mafi kyau. Suka zauna a layi na huɗu.

Ɗakin ya cika maƙil. Saboda sabuwar dokar, an dawo da karanta sunaye kafin a zo kan kwando, shugaban jami'a ya miƙe da doguwar takarda. Dakta wance, bincike uku. Farfesa wane, littafi guda da lambar yabo. Kowa aka kira ya miƙe a tafa masa. Malam ya ƙirga, goma sha ɗaya daga cikinsu ya koyar. Ya tafa wa kowa. Farfesa da aka kira ta miƙe ta zauna da sauri, ba ta juyo ba.

Sai Fasto ya hau ya yi wa'azi, kuma don Allah da kyakkyawar niyya ya yi. Ya ce akwai wani ɗan'uwa a cikinmu da ya ba Ubangiji aikin ransa ba tare da suna ba, wani ya ɗauke, ya rasa komai, amma bai rasa ladansa a sama ba. Ya ce ba zai faɗi sunansa ba, don girmama al'adar da ɗan'uwan yake ƙauna. Jama'a suka ce amin da ƙarfi. Sababbin ɗalibai na waige-waige suna tambayar juna wa ake nufi.

Malam ya ji bencin ya motsa. Kafin ya ankara matarsa ta miƙe tsaye, ita kaɗai a tsakiyar mutum dubu, jakarta ta faɗi ƙasa.

"Yana da suna!" ta ce.

Ya kama gefen zanenta. "Maman Auta, zauna. Don Allah zauna."

Ta fizge. Sai ta faɗi sunan. Sunansa na yanka, da na mahaifinsa, cikakke, wanda bai taɓa ji daga bakinta ba tun ranar da aka ɗaura musu aure. Sunan ya fito mata baƙo kamar ba ta saba da shi ba. Ta ja numfashi za ta sake faɗa da ƙarfi, sai mai kiɗa, wani bawan Allah da ya ɗauka wata ce ta rikice, ya ga gara ya rufa mata asiri. Ya danna piyano da dukkan yatsunsa, mawaƙa suka miƙe suka kama waƙa, jama'a suka bi. Malam na kallon bakinta yana motsi, sau biyu, sau uku, ba a jin komai. Wasu mata biyu suka zo suka riƙe ta a kafaɗa suna lallashi har ta zauna.

Waƙar ba ta ƙare ba aka zaga da kwandon, aka fita bakin ƙofa inda kaskon ƙarfe yake. Ambulan bana ba su fi bakwai ba, mutane sun yi wayo, wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin yi. Fasto ya zo gabansa da ashana a tafin hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, in ba za ka iya ba, ni sai in kunna."

Malam ya dubi ashanar. Ya dubi ambulan bakwai ɗin, na waɗanda har yanzu suka yarda da maganar da ya yi yana matashi. Ya so ya ce musu kowa ya zo ya ɗauki nasa. Amma mawaƙa na waƙa, shugaba na duba agogo, kuma shekara goma sha shida hannunsa ya saba. Ya karɓa ya ƙyasta. Ta farko ta mutu, ta biyu ta kama.

A hanyar gida, da suka wuce ɗakin gwaji, ta juyo ta dube shi.

"Na faɗa," in ji ta.

"Na ji."

"Kai kaɗai ka ji."

Suka isa gida, ya cire rigar malamai ya rataye a bayan ƙofa, ya zauna a falo tsakanin kwalayen da suka fara haɗa kaya a ciki. Da la'asar ta yi sai ya ji motsin babbar tukunya a bayan gida. Ya leƙa. Ta ɗora ruwa, ta jawo akwatin katako, ta fara jera kwalabe a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin ya tuna gobe Asabar ɗin farko ta wata.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta har ruwan ya fara tururi.

"Sauke ruwan nan, Maman Auta," ya ce. "Ba inda za ni gobe."

Ta tsaya da kwalba a hannu, mai lamba goma sha bakwai a jiki, ta dube shi. Sannan ta mayar da ita cikin akwatin, ta je ta sauke tukunyar.